Fure ya cika gona, iri ya fito fanko: nazarin wata gonar albasa a ƙarƙashin madubin likita

A ƙarshen watan Afrilu wani dattijo, manomin fadama daga yankin Kware, ya shigo ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Sakkwato da ƙullin leda a hannu. Ɗansa ne ya rako shi, wanda ya taɓa karatu a wurinmu. Bayan mun gaisa ya kwance ledar ya zuba mini abin da ke ciki a tafin hannu. Irin albasa ne, baƙi ƙirin, ba abin da ido zai ƙi a jikinsa. Sai ya ce a ba shi ruwa a kofi. Ya watsa irin a ciki, muka zuba ido, mafi yawansa ya taso sama yana yawo.

"Malam, ka gani da idonka," in ji shi. "Hure ya cika gona hat mutane na tsayawa kallo. Da mun ka zo sussuka, sai wanga abu. Ni dai ina son in san mi yac cinye mini iri."

Wanda bai san noman albasa ba zai ɗauka ƙaramar asara ce. Albasa sai ta yi zango biyu kafin ta ba da iri. A zangon farko ana shuka iri a samu ƙwallo, a adana shi a rudu ya sha zafin bazara da laimar damina, wanda ya tsira a zaɓe shi a sake dasawa da shigowar sanyi. Wannan ƙwallon da aka sake dasawa shi ne uwa, shi ne zai fitar da sanda ya yi fure. Ga shi kuma irin albasa ba ya jimirin ajiya, a zafinmu da wuya ya wuce shekara da ƙarfinsa. Don haka duk shekara masu lambu daga Wurno da Goronyo da Gwadabawa har Aliero sai sun nemi sabo, ko daga hannun irin wannan dattijo, ko daga Galmi ta ƙetaren iyaka. Mutumin da irinsa ya fito fanko ya yi asarar aikin shekara biyu, ya kuma yi asarar amincin masu saye a wurinsa.

Akwai wani abu da ya fi asarar kuɗin damunsa, wanda sai da muka daɗe da zama ɗan ya faɗa mini. A shekarar rudunsa ya ruɓe, ya sayo uwa daga wurin surukinsa. A zuciyarsa ya riga ya yanke cewa juya aka sayar masa, har gaisuwa ta fara sanyi tsakanin gidajen biyu.

Na ce masa, "Baba, busasshen iri ba zai gaya mana komai ba sai cewa fanko ne. Abin da ya faru ya faru tun furen yana ɗanye. Ka ba ni izini in shiga gonarka baɗi idan ta yi fure, kuma ka sake dasa uwa daga wuri ɗaya da ta bana." Ya yi jim, sannan ya yarda.

Abin da ke faruwa a cikin fure

Kan albasa guda, wannan farin dunƙule da ke saman sanda, furanni ne ƙanana ɗaruruwa, kuma ba rana ɗaya suke buɗewa ba, suna bin juna har na tsawon makonni. Kowane fure yana da jakunkunan bununi 6. Bununi dai shi ne garin nan da manomi ya sani a kan gero, shi ne ɓangaren namiji. A tsakiyar furen akwai mahaifa mai ɗaki 3, kowane ɗaki da ƙwan-iri 2, wato fure ɗaya iyakar abin da zai iya bayarwa tsaba 6 ce. Daga saman mahaifar wani siririn wuya ya miƙe, kansa shi ne bakin da bununi ke sauka.

Furen albasa yana da wata ɗabi'a da ta shafi wannan lamari kai tsaye. Jakunkunan bununinsa suna fashewa su zubar tun wuyan mace bai gama tsawo ba. Kafin bakin ya nuna ya iya karɓa, bununin furen ya ƙare. Dole a ɗauko masa daga wani furen, kuma bununin albasa yana da danƙo da nauyi, iska ba ta ɗaukarsa yadda take ɗaukar na gero ko masara. Ƙudan zuma da ƙudaje ne ke wannan dako.

Idan tsabar bununi ta sauka a baki sai ta tsiro da bututu, ya nutse cikin wuya, ya gangara mahaifa, ya nemi wata 'yar ƙofa a jikin ƙwan-iri ya shiga. Amici ɗan Italiya ne ya fara ganin wannan bututu a 1824. A bayan ƙofar akwai jakar tayi, wadda a yawancin tsirrai masu fure take da ƙwayoyin halitta 7 da cibiyoyi 8 (cibiya ita ce ɗan ƙullin da ke cikin ƙwayar halitta): ƙwayar mace a bakin ƙofa, 'yan rakiyarta 2 a gefenta, wasu 3 can ƙurya, sai babbar ƙwayar tsakiya mai cibiya 2. Bututun yana ɗauke da ƙwayoyin namiji 2. Ɗaya ta haɗu da ƙwayar mace a samu ɗan tayi, ɗayar ta haɗu da ƙwayar tsakiya a samu guzurin da tayin zai ci. Wannan ita ce barbara mai tagwaye, wadda Nawashin ya gano a Kiyef a 1898, Guignard kuma ya gan ta da kansa a Faransa a 1899.  Su kuwa 'yan rakiya, ba zaman banza suke ba: a 2001 Higashiyama da abokan aikinsa a Japan sun nuna cewa idan aka kashe su da hasken lesa bututu ba ya gane ƙofa, su ne ke kiransa.

Albasa ma tana da tata hanyar gina jakar. A yawancin tsirrai uwar ƙwaya tana rabuwa gida 4, guda 3 su mutu, ɗaya ta gina jaka. A dangin albasa bayan rabuwar farko ɗaya daga cikin biyun ce ke mutuwa, wadda ta rage ta ci gaba ba tare da ta gina bango tsakanin cibiyoyinta ba, har su kai 8. Masana sun sa wa wannan tsari sunan dangin albasa, Allium. Na kawo wannan ne saboda wanda ya shiga neman jerin ƙwayoyi 4 a ƙwan-irin albasa kamar yadda ya gani a zanen aji zai ɗauka wani abu ya lalace alhali lafiya lau take.

Da wannan a zuciya, tambayar Baba ta rabu gida-gida. Ko bununin matacce ne, ko bai isa baki ba, ko bututu ya maƙale a hanya, ko jakar tayin ce ba ta ginu ba, ko kuma an yi barbarar daga baya cikin ya zube. Duk waɗannan a masussuka sakamakonsu ɗaya: rashin iri mai nauyi, kuma ɓawon yana iya yin baƙi ko da cikinsa babu komai. A ƙarƙashin madubi kuwa kowannensu da tasa alamar. Na huɗun ne zai nuna uwar juya ce.

Samfurin farko, da kuskuren da na yi

Da sanyi ya shigo Baba ya dasa uwa a wuri biyu. Ta farko a wani tudu da yake ba ruwa da injin, ya dasa ta da wuri. Ta biyu a cikin ƙwarin fadama, inda sai da ya jira ruwa ya janye, ta yi baya da makonni. Ta tudun ta yi fure cikin Fabrairu, ta ƙwarin ta kai tsakiyar Maris.

Ranar da na fara zuwa na tsinko furanni da hantsi, na zuba a leda, na ɗaura a babur. Na tsaya wasu hidimomi a hanya, ban jiƙa su a magani ba sai bayan azahar. Mako biyu na yi ina sarrafa su. Da na ɗora gilashi na farko a madubi, sai na ga jakar tayi ta yamutse ta janye daga bangonta, cibiyoyin sun cure wuri ɗaya. Na biyu haka, na goma haka. Gabana ya faɗi, domin wannan ita ce siffar juya. Saura kaɗan in aika wa Baba cewa zarginsa ya tabbata.

Dattijon ma'aikacin da ke kula da kayan ɗakin gwajin, wanda ya yi shekaru yana yanka tsirrai tun ban shigo aikin ba, ya leƙa madubin ya daɗe. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, ƙarfe nawa ka tsinko, ƙarfe nawa ka jiƙa?" Da na faɗa masa sai ya nuna mini cewa ba jakar kaɗai ta yamutse ba, har ƙwayoyin bangon mahaifa sun janye, waɗanda ba ruwansu da haihuwa. Furen ne ya bushe a leda. Abin da nake kallo aikin hannuna ne.

Har yau idan na tuna nakan ji nauyin abin. Da na aika da wancan saƙo, da na raba zumunci da gilashin da na ɓata da kaina, kuma ba wanda zai musa mini tunda madubi ne ya faɗa. Tun daga ranar na ɗauki tsayar da samfuri a matsayin rabin aikin gaba ɗaya. Madubi komai tsadarsa ba ya dawo da abin da ya lalace tsakanin gona da gari.

Muka sake shiri. Maganin tsayarwa shi ne wanda ake kira FAA: a cikin mililita 100, itanol mai ƙarfin kashi 70 ya ɗauki 90, asid ɗin asetik 5, fomalin 5. Aikinsa ya kashe ƙwayoyin halitta nan take ya daskarar da su a yadda suke. Muka zuba shi a ƙananan kwalabe muka tafi da su gona cikin kula da ƙanƙara. Fure yana barin sanda, a cire masa ganyayyaki da hantsaki, a tsaga gefen mahaifa da reza don magani ya samu hanya, a jefa a kwalba kafin a ƙirga ashirin. Iskar da ke cikin fure takan sa ya yi ta yawo a sama, magani bai ratsa ba. Ba mu da injin zuƙe iska, sai muka yi amfani da babban sirinji: a zuba samfuri da magani a ciki, a toshe baki da yatsa mai safar roba, a ja a saki har kumfa ta daina fita samfurin ya nutse. Bayan kwana ɗaya a mayar da shi cikin itanol kashi 70, a nan zai iya zama watanni. Takardar shaida da fensir ake rubuta ta a jefa cikin kwalbar, domin itanol yana wanke biro.

Ɗan Baba ya ɗauki aikin da ya fi kowanne cin rai. Kowace safiya yana bi yana ɗaura zare a wuyan furen da ya buɗe a ranar, kowace rana da launinta, don mu san shekarun kowane fure da kwana. Wasu kawunan muka rufe su da jakar yadi mai shara-shara, muka riƙa shafa musu bununi da hannu da ɗan buroshi. Waɗannan su ne ma'auninmu: abin da uwar za ta iya yi idan ba a rage ta da komai ba.

Kaki da reza

Ƙwan-iri bai kai kan allura ba, jakar kuma tana binne a cikinsa. Hanya biyu ce ta ganinta: a yanka, ko a mayar da shi garau kamar gilashi.

Yankan tsohuwar hanya ce, kuma har yau ba a samu wadda ta fi ta nuna abu dalla-dalla da madubi na yau da kullum ba. Ana zare ruwan samfurin sannu a hankali, daga itanol kashi 70 zuwa 85, zuwa 95, zuwa tsantsa, sannan zailin, sannan narkakken kakin farafin a cikin obin har ya ratsa ko'ina. A zuba a ɗan ƙoƙo ya daskare, a ɗaura a maikirotom, injin da ke fiɗar yanka mai kaurin maikiron 8 zuwa 10. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Yankan suna fitowa manne da juna kamar zare, a shimfiɗa su a ruwan ɗumi su miƙe, a ɗauke a gilashin da aka shafa wa farin ƙwai gauraye da gilisarin, rabi da rabi. Bayan an narke kakin sai rini: safaranin yana ba cibiyoyi ja, wani koren rini ya kama bango da ruwan ƙwaya.

A rubuce abu ne mai sauƙi. A Sakkwato kuwa yanayi yana da ta cewa a kowane mataki. Kakin da aka saba da shi yana narkewa a digiri 56 zuwa 58, amma tun kafin nan ya yi laushi, kuma ɗakin da ya doshi digiri 40 da rana ba ya barinsa ya yi tauri. Reza sai ta riƙa murƙushe shi tana tattarawa. Muka koma yanka bayan sallar asuba, muna dafa ƙanƙara a fuskar kakin da a jikin reza kafin kowane zagaye. Cikin hunturu kuma wata matsalar ce: iska ta bushe ƙarau, zaren kakin ya riƙa tashi yana manne wa reza da yatsa, sai an ajiye tukunyar ruwan zafi kusa tana tururi. Ƙura ita ma ba ta raina gilashi. Sau biyu wuta ta ɗauke cikin dare kakin ya daskare a obin samfurin yana tsakiyar jiƙa. Mahaifa guda tana ba da yanka da yawa, kuma sai an bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa siffar jaka ɗaya a ƙwaƙwalwa. Da wannan hanya kaɗai, da damina ta same mu ba mu duba abin kirki ba.

Shi ya sa muka jingina da hanya ta biyu. Abin da ke hana ganin cikin tsiro shi ne haske yana karyewa duk lokacin da ya fita daga bango ya shiga ruwa. Idan aka cika samfurin da wani mai wanda yake karya haske daidai da bangon, sai ya zama garau. Herr ya fitar da wani haɗi a 1971, na asid ɗin laktik da kuloral haidiret da finol da man kanumfari, kashi bibbiyu, da zailin kashi ɗaya. Yana aiki, amma finol yana ƙona fata, kuloral haidiret kuma samunsa wahala ne. Muka zaɓi metil salisilet, wanda duk wanda ya taɓa shafa man zafi ya san ƙamshinsa. Ana ciro ƙwan-iri da allura, a bi da shi ta itanol har tsantsa, a riƙa ƙara man a hankali har ya zama shi kaɗai. Asali ana duba irin wannan samfuri da madubi mai tsarin Nomarski, wanda ke fito da abu marar launi kamar an sassaƙa shi. Namu ba shi da wannan tsari. Sai muka fara rina ƙwan-irin da himatoksilin kaɗan kafin man, muka kuma tsuke ƙofar hasken da ke ƙarƙashin gilashi. Cibiyoyin suka fito, ana murza madubi ana sauka cikin jakar hawa-hawa. Abin da ke cin mako biyu ya koma kwana biyu.

Sakamakon farko daga nan ya fito. A furannin da aka tsayar daidai lokacin da bakinsu ya nuna, na tudu da na ƙwari, jakunkunan tayi cikakku ne: ƙwayar mace a wurinta, 'yan rakiya a gefenta, cibiyoyin tsakiya a fili. Wanda ya lalace jefi-jefi ne, kamar yadda ake samu a kowace shuka. Kawunan da muka shafa wa bununi da hannu a tudu kuma suka cika da iri mai nauyi. Uwar surukin ba juya ba ce. Wannan na gaya wa Baba tun kafin in gama sauran aikin, ban ga dalilin da zai sa ya ƙara kwana da zargin ba.

Bin sawun bututu

Saura ɓangaren namiji. Da farko muka ɗiga wa bununi wani jan rini mai suna asitokamin, kusan duka ya yi ja. Ban amince da wannan gwaji shi kaɗai ba, domin abin da yake nunawa kawai tsabar tana da ciki, ko da ta mutu jiya za ta yi ja. Gwajin gaskiya shi ne a sa ta ta tsiro. Akwai ruwan da Brewbaker da Kwack suka tsara a 1963, sukari kashi 10 da ɗan asid ɗin borik da gishirin kalsiyam da wasu kaɗan. A ɗiga a gilashi, a barbaɗa bununi, a rufe a cikin kwano da jiƙaƙƙen auduga. Bununin Fabrairu ya tsiro sosai. Na Maris da aka ɗebo da sassafe ya yi daidai gwargwado, wanda aka ɗebo da tsakar rana kuwa ya yi rauni ƙwarai.

Don ganin bututu a cikin wuyan fure akwai hanyar da Martin ya bayyana a 1959. Bututun bununi yana shafe bangonsa da wani sinadari, kalos, yana kuma toshe bayansa da shi lokaci-lokaci yayin da yake gaba. Idan aka tausasa wuyan a ruwan soda mai ƙarfi, aka wanke, aka jiƙa a shuɗin anilin kashi ɗaya cikin dubu, aka danne da murfin gilashi, kalos yana ƙyalli a ƙarƙashin hasken ultirabayolet. Irin wannan madubi ba mu da shi, sai da muka tara samfura muka kai wani ɗakin gwajin aka ba mu aron yini biyu. Ɗan Baba ya bi ni. A ɗaki mai duhu ya sa ido ya ga zaruruwa masu haske suna gangarowa cikin baƙi, kowanne da ɗigo-ɗigon toshiyarsa, ɗaya ya lanƙwasa ya shige ƙofar ƙwan-iri. Ya ɗago ya ce, "Subhanallahi." Ni ma duk yawan ganin da na yi masa bai daina taɓa ni ba.

A nan gonar tudu ta bayyana ciwonta. Furannin da muka shafa da hannu, wuyansu cike da bututu. Waɗanda aka bar wa ƙwari, wasu ranaku lafiya, wasu ranaku bakin fayau, ko tsaba ɗaya ko biyu, alhali ƙwan-iri 6 ke jira a ƙasa. Launin zare ya ba mu ranakun. Da muka jera su da abin da ɗan Baba ya rubuta na ayyukan gona, sai ranakun fayau suka faɗo a bayan ranakun feshi. Baba yana fama da ƙananan ƙwarin nan masu tsotse lawashi har ya yi fari-fari, kuma yana fesa musu magani da hantsi, fure a buɗe, daidai lokacin da ƙudan zuma ke kan aiki.

Gonar ƙwari labarinta daban. A can bututu sun isa a furanni da dama, an yi barbara. Alamarta a bayyane take: ɗaya daga cikin 'yan rakiya ta mutu, wadda bututu ya fashe a cikinta, cibiyoyin guzuri sun fara yawaita, domin guzuri yakan riga tayi fara rabuwa. Bayan 'yan kwanaki ɓawon ya soma baƙi, man ya daina ratsa shi, dole muka koma kaki da reza. A yankan ne muka ga guzurin ya tsuke ya rabu da bango, tayin ya tsaya yana ɗan ƙulli, ɓawo kuwa ya ci gaba da girma a kan wofi. Saboda abin da ya same ni a farko, sai da na duba ƙwayoyin bangon mahaifa na tabbatar lafiyarsu lau kafin in yarda da idona.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne wurin da lalacewar ta taru. Mun rubuta ɓangaren da aka ciro kowane fure a jikin dunƙulen. Na sama da na yamma, masu shan ranar azahar zuwa la'asar, su ne suka fi zubewa. Na ƙasa da ke cikin inuwar 'yan'uwansu, a kai guda, a uwa guda, tayinsu yana girma. Masu binciken irin albasa sun daɗe da sanin cewa gefen dunƙulen da ke fuskantar rana yana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kewaye da shi, musamman idan iska ta tsaya. A Sakkwato ƙarshen Maris da Afrilu iskar kanta tana haura digiri 40. Madubi yana nuna matakin da abu ya tsaya, dalilin kuwa daga tsarin gona ake karanto shi, kuma a nan tsarin rana yake nunawa.

Abin da Baba ya yi da bayanin

Na je har gida na zauna da shi a zaure, na kai gilashi biyu da ƙaramin madubi mai amfani da hasken rana. Ya rufe ido ɗaya ya duba jakar da ta cika da wadda ta zube. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ashe ciki an ka yi, ya ɓare."

Maganar feshi ya karɓe ta nan take. Ya ce zai yi yaƙin ƙwarin tun kafin fure ya buɗe, idan kuma ya zama dole a lokacin fure, sai bayan la'asar sakaliya da ƙudan zuma sun koma. Ya ƙara da tasa dabarar da ban kawo ba: wani mai ɗaura amya a ƙauyensu zai roƙa ya rataya biyu a bishiyar bakin gona.

Maganar dasawa da wuri ita ce muka ja. Na ce ya daina dasa uwa a ƙwari gaba ɗaya. Ya ce ƙwarin nan shi ne ƙasarsa mafi ƙarfi, ba ya cin man injin kamar tudu, kuma ruwa ba ya janyewa don mutum yana sauri. Yana da gaskiya, ni lissafin fure nake yi, shi yana lissafin gida. Muka tsaya a kan cewa uwa ta koma tudu, ƙwari ya zama na albasar ci da sayarwa, amma zai bar fangali biyu na uwa a ƙwarin, ɗaya a riƙa ba shi ruwa a kai a kai lokacin zafi, ɗaya a yi masa rumfar karan dawa ta ɓangaren yamma, mu ga ko guzurin zai tsaya. Surukin nasa ne ya ce zai ba da uwar fangalan biyu. Ɗan Baba ya riga ya sayo zare kala bakwai, ni kuma na wanke kwalabe na jera su a kula.